Idan sabis ya ɗauke: Abin da tsarin APRS na masu rediyon sha'awa zai iya yi mana, da inda iyakarsa take

A ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, manyan igiyoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin Tekun Atilantika, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a kusa da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Cikin 'yan sa'o'i manhajojin bankuna suka fara gardama, masu POS suka yi cirko-cirko da kwastomomi, ma'aikatu da dama kuma suka tashi aiki ba su aika ko da takarda ɗaya ba. Wata shida bayan haka, a ranar 10 ga Satumba, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassa masu yawa na Maiduguri. A ƙarshen watan Mayun 2025 kuma ambaliya ta afka wa garin Mokwa da ke Jihar Neja, ta hallaka mutane fiye da 150.

A irin waɗannan ranaku tambayoyi biyu ne ke gaban duk mai aikin ceto: ina mutanenmu suke, kuma ina ne ake neman ɗauki? Kusan dukkan hanyoyin da muke da su na amsa su sun rataya ne a kan turakun kamfanonin waya, su kuma turakun sun rataya a kan man dizal, da wayoyin da aka binne a ƙasa, da hanyar da motar mai za ta bi ta kai gare su. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya yanke, wayar da ke hannun jami'i ta zama tocila.

Akwai wani tsari da ya shekara fiye da 30 yana amsa waɗannan tambayoyi ba tare da layin waya ba. Sunansa APRS, kuma ba kamfani ne ya gina shi ba, ba kuma gwamnati ba. Masu rediyon sha'awa ne suka gina shi da kuɗin aljihunsu, su ne kuma ke kula da shi har gobe. Ya dace mu san yadda yake aiki, domin ana yawan yi masa kallon maganin kowace cuta, alhali yana da iyakoki waɗanda idan ba a san su ba zai iya jefa rayuka cikin haɗari.

Su wane ne masu rediyon sha'awa?

Waɗannan mutane ne da hukuma ta jarraba iliminsu na lantarki da ƙa'idojin sadarwa, ta ba su lasisin mallakar na'urar aika saƙo ta iska domin koyo da gwaje-gwaje da taimakon jama'a, ba domin neman kuɗi ba. Kowane mai lasisi yana da lambar kira wadda babu mai irinta a duniya, kuma haruffan farko suna nuna ƙasarsa. Na Najeriya suna farawa da 5N, na Nijar 5U, na Ghana 9G, na Kamaru TJ, na Chadi TT, na Sudan kuma ST. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta ne a birnin Paris a 1925, kuma ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya, NARS, tana cikin mambobinta. A Amurka kaɗai akwai masu wannan lasisi fiye da 700,000.

Wanda ya ƙirƙiro APRS shi ne Bob Bruninga, injiniya mai bincike a Kwalejin Sojan Ruwa ta Amurka da ke Annapolis, mai lambar kira WB4APR. A 1982 ya fara rubuta manhajar da ke ɗora wuraren jiragen ruwa a kan taswira a kwamfutar Apple II. A 1984 ya yi amfani da wata ƙaramar kwamfuta wajen bin diddigin dawakin da ke tseren juriya na mil 100, wato kimanin kilomita 160. A farkon shekarun 1990 tsarin ya samu sunan da aka san shi da shi, wanda a yau ake warwarewa da Automatic Packet Reporting System, ma'ana tsarin aika rahoto a ƙulle-ƙulle ba tare da sa hannun mutum ba. Bruninga ya rasu a watan Fabrairun 2022. Tsawon rayuwarsa ya yi ta nanata cewa bin diddigin mota ɓangare ɗaya ne kawai na aikin, manufarsa ita ce duk wanda ya shigo wani yanki ya kunna rediyonsa ya ga abin da ke gudana a kewayensa nan take.

Yadda saƙo ke tafiya

Matakin farko shi ne sanin wuri. Na'urar GPS tana sauraren taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma idan ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu za ta lissafa inda take. Wannan sauraro kyauta ne, ba ya buƙatar layin waya ko intanet. Tun daga watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina gurɓata siginar da gangan ga farar hula, kuskuren lissafin ya sauko daga kimanin mita 100 zuwa 'yan mitoci.

Daga nan sai wata 'yar na'ura da ake kira TNC ta ɗauki wannan wuri, ta haɗa shi da lambar kiran mai rediyon, da saurin tafiyarsa, da inda ya dosa, da alamar da za ta wakilce shi a taswira, ko mota ce ko kwalekwale ko asibiti, ta ƙulle su wuri guda. Sai ta mayar da ƙullin zuwa sauti, rediyo ya watsa shi. Wanda ya saurara da kunne zai ji wani ɗan tsiwa ne kawai na kimanin daƙiƙa guda. Gudun saƙon bit 1,200 ne a daƙiƙa, gudun da ko hoto ɗaya na WhatsApp ba zai iya ɗauka cikin lokacin da ya dace ba, amma ya wadatar ga layi ɗaya na rubutu.

Hikimar tsarin ita ce kowa a yanki guda yana kan zango ɗaya. A Arewacin Amurka megahaz 144.390 ne, a Turai da Afirka ta Kudu 144.800, a Ostireliya 145.175. Siginar wannan zango tana tafiya ne kusan a miƙe, kamar hasken fitila, saboda haka tsayin eriya ya fi ƙarfin rediyo muhimmanci. A lissafi, eriyar da ke mita 2 daga ƙasa iyakarta kimanin kilomita 6 ne a fili mai shimfiɗa. Idan aka ɗaga ta mita 30 za ta kai kilomita 23, a mita 100 kuma kimanin kilomita 41.

Wannan ne ya sa ake kafa tashoshin miƙa saƙo a kan duwatsu da dogayen gine-gine. Aikin irin wannan tasha shi ne ta ji ƙulli, ta sake watsa shi daga sama domin na nesa su ji. Mai aikawa ne ke rubuta sau nawa yake so a miƙa saƙonsa, galibi sau biyu, kuma kowace tasha da ta miƙa sai ta rage ɗaya daga adadin, don kada saƙo ya yi ta yawo ya cika iska. Akwai kuma tashoshin da ake kira ƙofofin intanet, waɗanda ke kwashe duk abin da suka ji a iska su zuba a wata hanyar sadarwa ta duniya mai suna APRS-IS. Daga can ne shafuka irin su aprs.fi, wanda wani ɗan ƙasar Finland mai suna Heikki Hannikainen ya gina, ke nuna kowace tasha a kan taswira ga duk mai intanet.

Abin lura a nan shi ne intanet ƙari ne kawai. Ko da igiyoyin teku duk sun tsinke, rediyoyin da ke jin juna a yanki guda za su ci gaba da ganin juna a taswirar da ke cikin na'urorinsu. Ban da wuri, tsarin yana ɗaukar gajeren saƙon rubutu mai haruffa 67, da sanarwa ga jama'a, da rahoton yanayi. Haka kuma mutum zai iya ɗora alama a taswirar kowa, ya nuna cewa ga gadar da ta karye, ko ga makarantar da aka tsugunar da 'yan gudun hijira.

Har sararin samaniya tsarin ya kai. A 2001 aka harba tauraron PCSAT wanda ɗaliban kwalejin Annapolis suka ƙera a ƙarƙashin jagorancin Bruninga. Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400 duk bayan minti 90, tana ɗauke da na'urar miƙa saƙo a megahaz 145.825. A lokutan da take kunne, mai ƙaramin rediyo da eriya mai kyau zai iya tura saƙo ta cikinta a 'yan mintocin da take wucewa ta samansa.

Kayan aiki

Kayan sun kasu gida uku. Akwai rediyoyin da aka haɗa musu komai a ciki, GPS da TNC da allon karanta saƙo, irin su TH-D74 da TH-D75 na kamfanin Kenwood, ko FT5D na Yaesu. Waɗannan su ne mafi sauƙin sarrafawa, amma kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne.

Akwai kuma hanyar mai ƙaramin ƙarfi: rediyon oba-oba mai araha irin Baofeng UV-5R, a jona shi da wayar Android mai manhajar APRSdroid, ko dai ta igiyar sauti ko ta wata 'yar na'ura irin Mobilinkd. Wayar ce ke bayar da GPS da taswira, rediyon kuma ya yi aikin watsawa, kuma ba a buƙatar layi a cikin wayar muddin an riga an sauke taswirar. Tashar miƙa saƙo ita ma ba ta da wani tsada: tsohon rediyon mota, da 'yar kwamfutar Raspberry Pi mai manhajar Dire Wolf wadda kyauta ce, da batir, da farantin sola, da eriya a wuri mai tsayi.

Kashi na uku sabon shigowa ne. A 'yan shekarun nan masu rediyon Turai sun rungumi fasahar LoRa a megahaz 433.775, inda 'yar na'ura da ba ta kai girman kwalin ashana biyu ba ke aika wurinta da ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki. Wannan ya sauko da kuɗin shiga harkar sosai.

Ke nan kayan ba su ne matsala ba. Duk wanda ya saba da kasuwar kayan lantarki ta Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas ya san cewa batir da sola da rediyon oba-oba ba baƙin abubuwa ba ne a wurinmu.

Inda aka ga amfaninsa

A ranakun zaman lafiya ana amfani da APRS wajen tseren gudun fanfalaki da na kekuna, inda masu shirya gasa ke ganin motar asibiti da motar kwasar waɗanda suka gaji a kan allo. Makarantu na ɗaura shi a jikin balan-balan ɗin binciken sararin sama domin su gano inda ya faɗo. Ƙungiyoyin neman waɗanda suka ɓace a daji suna ganin wuraren da aka riga aka duba da waɗanda suka rage. Dubban tashoshin auna yanayi na gidajen mutane suna tura ma'aunin ruwan sama da iska ta wannan hanya zuwa shirin CWOP, wanda hukumar yanayi ta Amurka ke amfana da bayanansa.

A ranakun masifa kuwa, darajar masu rediyon sha'awa gaba ɗaya ce ke fitowa, APRS kuma ɗaya ne daga cikin kayan aikinsu. Lokacin da guguwar Maria ta afka wa tsibirin Puerto Rico a watan Satumban 2017, kimanin kashi 95 cikin 100 na turakun waya sun daina aiki, har ƙungiyar Red Cross ta nemi ƙungiyar masu rediyon Amurka, ARRL, ta tura mata 'yan sa-kai, aka tura mutum 22. A girgizar ƙasar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu, 2023, mambobin ƙungiyar TRAC sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, AFAD. A ƙarshen Satumban 2024, bayan guguwar Helene ta yanke yammacin Jihar Carolina ta Arewa daga duniya, wata tashar miƙa murya da ke kan dutsen Mitchell mai tsayin mita 2,037 ta zama hanyar da iyalai suka riƙa jin labarin 'yan uwansu na tsawon kwanaki.

A duk waɗannan wurare abu guda ne ya maimaita kansa: mutanen da kayan suna nan tun kafin masifar, sun san juna, hukumomi ma sun san su.

Inda iyakarsa take

Ɗan kasuwar da ke da tirela a hanyar Kano zuwa Legas zai iya cewa ga hanyar bin diddigin kaya ba tare da biyan kuɗin wata-wata ba. Abubuwa biyu ne suka toshe wannan ƙofa. Na farko doka ce: ƙa'idojin Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun keɓe zangon masu sha'awa ga waɗanda ba su da wata manufar kuɗi a ciki, saboda haka harkar kasuwanci ba ta halatta a kansa ba. Na biyu ya fi na farko nauyi. Sashe na 25 na waɗannan ƙa'idoji ya hana ɓoye ma'anar saƙo a sadarwar masu sha'awa tsakanin ƙasashe, kuma yawancin ƙasashe sun ɗora dokokinsu na cikin gida a kan haka. Duk abin da aka aika a APRS a buɗe yake. Mai rediyo mai araha zai iya karanta shi, mai intanet kuma zai ga motar tana tafiya a taswira, da saurinta, da hanyar da ta bi jiya da shekaranjiya.

A ƙasar da ake tare hanya ana sace matafiya, sanar da duniya inda motarka take daidai yake da yi wa ɓarawo jagora. Don haka tsarin bai dace da ayarin kaya ba, bai dace da tawagar wani babban jami'i ba, bai kuma dace da 'yan sintiri ba. Mai son sirri sai ya nemi na'urar bin diddigi ta kamfani, wadda ke tafiya da layin waya ko tauraron ɗan'adam, ya biya kuɗinta.

Akwai kuma batun katse sadarwa da gangan. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A 2013 an yi irin haka a Borno da Yobe da Adamawa, har sojoji suka haramta wayar Thuraya a Borno. Kada a ɗauka APRS hanyar kewaye irin wannan umarni ce. Gwamnatin da ta rufe waya saboda tsaro tana da ikon dakatar da rediyon sha'awa, kamar yadda Ukraine ta yi a ranar 24 ga Fabrairu, 2022, da yaƙi ya ɓarke. Fagen da tsarin ke da amfani shi ne inda sadarwa ta mutu ba da son kowa ba: ambaliya, gobara, guguwa, lalacewar igiya ko durƙushewar wutar lantarki.

Ta fuskar fasaha ma akwai rauni. Zango ɗaya ne kowa ke rabawa, idan tashoshi biyu suka yi magana lokaci guda saƙonninsu na iya karo su lalace, kuma rahoton wuri ba shi da shaidar isa. Lambar kira ma ana iya yin ta jabu, tunda babu wani makulli mai ƙarfi da ke tantance mai aikawa. Waɗannan dalilai ne suka sa ƙwararru ke haɗa shi da sadarwar murya, ba sa dogara da shi shi kaɗai.

Me ya rage mana?

Wanda ya buɗe taswirar aprs.fi zai ga Turai da Amurka da Japan cike da alamomi har suna hawa kan juna, Afirka ta Kudu da nata gwargwado, yayin da Afirka ta Yamma take kusan fayau. Rediyo ɗaya a Maiduguri ba shi da wanda zai ji shi. Tsarin yana rayuwa ne da yawan masu lasisi da tashoshin da suka kafa, mu kuwa a nan ne muka gaza.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Matashi mai sha'awar lantarki a Zariya ko Bauchi da wuya ya taɓa jin cewa akwai irin wannan lasisi, balle ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wanda kuma aka gani da rediyon oba-oba da doguwar eriya a shingen bincike, sai ya yi dogon bayani kafin ya wuce. Zargin yana da tushe, domin miyagu ma na amfani da rediyo. Sai dai miyagun ba su taɓa jiran lasisi ba. Mai lasisi shi ne wanda hukuma ta san sunansa da gidansa, wanda kuma doka ta tilasta masa faɗin lambarsa duk lokacin da ya hau iska. Ƙuntata masa ba ya rage wa ɗan bindiga komai, illa dai ya rage yawan mutanen da za a iya kira ranar da ruwa ya ci gari.

Tun a taron ITU na 2003 aka ƙara wani sakin layi a Sashe na 25 da ke ƙarfafa wa ƙasashe gwiwa su bai wa masu rediyon sha'awa damar shiryawa da taimakawa a lokacin bala'i. A taron ne kuma aka cire wajabcin iya saƙon Morse daga sharuɗɗan duniya, abin da ya sauƙaƙa jarrabawa a ƙasashe da dama. Matakan da suka dace da mu ba masu cin kasafi ba ne. Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta wallafa hanyar samun lasisi a fili, da manhajar karatu da kuɗi da ranakun jarrabawa, a kuma riƙa yin ta a manyan biranen shiyyoyi. Sassan injiniyan lantarki na jami'o'i da kwalejojin fasaha su buɗe kulob-kulob masu lasisi, su ɗora tashoshin miƙa saƙo a kan dogayen gine-ginensu. Hukumar NEMA da takwarorinta na jihohi su ƙulla yarjejeniya a rubuce da waɗannan kulob-kulob, su riƙa atisaye tare kafin damina. A kuma sanar da rundunonin tsaro yadda lasisin yake, don kada takardar da wata hukuma ta bayar ta zama abin tuhuma a hannun wata.

Wurin farawa ma a bayyane yake: garuruwan da ke bakin kogunan Neja da Binuwai, irin su Lokoja da Makurɗi da Yola, da waɗanda ke ƙasan manyan madatsun ruwa, inda ake sa ran ambaliya kusan kowace shekara. Ma'aunin tsayin ruwa da aka jona da rediyo da sola zai iya aika rahoto duk bayan 'yan mintoci ko da babu sabis, kuma wannan bayani ne da ake so kowa ya gani, saboda haka buɗaɗɗen tsari ya dace da shi ƙwarai. Haka nan kwalekwalen ceto da ke yawo a unguwannin da ruwa ya shanye ba shi da abin ɓoyewa.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Horar da mutum ya ci jarrabawa, ya samu lasisi, ya kafa tasha, ya saba da aiki da jami'an agaji, abu ne na watanni ko shekaru. Jihar da ke son samun irin waɗannan mutane a daminar baɗi, a ranin bana ya kamata ta fara neman su.